Ƙwaya Ta Shida: Tarihin Masu Leƙa Cikin Furotin

A ɗakunan gwaji na asibitocin Kano, Zariya, Sakkwato da Maraɗi akwai aikin da ba ya yankewa, musamman idan lokacin bukukuwa ya ƙarato. Ma'aikaci zai ɗebi jini, ya fasa jajayen ƙwayoyinsa, ya ɗiga kaɗan a kan wata siririyar takarda mai laima, sannan ya kunna lantarki. Kafin sa'a guda jan launin ya rabu layi-layi, wani ya yi nisa, wani ya tsaya a baya. Daga nan ake rubuta AA ko AS ko SS, haruffan da suka sha ɗaura aure, suka kuma sha warware shi. Abin da ke sa layin S jan ƙafa shi ne ƙwayar amino asid guda ɗaya tak, daga cikin 146 da ke jere a ɗaya daga sarƙoƙin himogulobin, furotin ɗin da ke dakon iskar oksijin a cikin jini.

Sai da aka yi shekara sama da sittin ana fama kafin a san wace ƙwaya ce, da kuma abin da take taɓawa har ta lanƙwasa ƙwayar jini. Masu wannan fama 'yan wata sana'a ce da ba ta da tsohon tarihi: sana'ar gano siffar furotin, da sanin wace ƙwaya ke jingine da wace a cikinsa.

A 1902, a wani taron masana da aka yi a garin Karlsbad, Franz Hofmeister da Emil Fischer suka gabatar da ra'ayi iri ɗaya a rana ɗaya: furotin sarƙa ce ta amino asid, kowace ɗaure da ta gabanta. Iri ashirin ne jikin mai rai ke gini da su. Gadon bayansu duk ɗaya ne, a reshen da ke fitowa daga gefen kowace ne suka bambanta. Wani reshen yana ɗauke da cajin lantarki, yana son ruwa. Wani maiƙo ne zalla, ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Wani babba ne mai zobe, wani kuma ɗan mitsitsi. Idan mutum ya dunƙule carbi a tafin hannunsa, ƙwaya ta biyar tana iya haɗuwa da ta tamanin, alhali a zare nesa suke da juna. Haka sarƙar furotin ke dunƙulewa, sai dai ita kullum dunƙulewa ɗaya take yi, ƙwayar da ta taɓa wata jiya ita za ta taɓa gobe, a jikin kowa.

Wanda ya fara faɗin haka a fili ɗan ƙasar Sin ne, Hsien Wu, wanda ke aiki a wata kwalejin likitanci a Beijing. A 1931 ya yi bayanin abin da ke faruwa idan farin ƙwai ya dahu. Sarƙar ba ta tsinke ba, in ji shi, ƙananan ɗaurin da ke riƙe da ita a dunƙule ne suka kwance, ta warware, ta cukuikuye da 'yan'uwanta. Gaskiya ya faɗa, amma a lokacin babu wanda ya taɓa ganin dunƙulen, balle ɗaurin.

Hanyar gani ta buɗe a Kembirij ta Ingila a 1934. An kawo wa J. D. Bernal kiristal na pepsin, furotin mai narkar da abinci a tumbi, daga Uppsala ta Suwidin. Waɗanda suka gwada kafin shi sukan bar kiristal ya bushe, sai hasken eksire ya ba su hazo kawai. Bernal ya lura cewa bushewar ce ke rusa tsarin, sai ya rufe kiristal ɗin da ruwansa a cikin siririn bututun gilashi. Da shi da ɗalibarsa Dorothy Crowfoot suka samu hoto cike da ɗige-ɗige a jere, shaidar cewa kowace ƙwayar furotin tana da siffa tsayayya, kuma bayanin siffar yana cikin ɗige-ɗigen nan, in da mai iya karantawa.

Bayan shekara biyu wani saurayi daga Biyana mai suna Max Perutz ya iso ɗakin binciken Cavendish da ke Kembirij, kuma a 1937 ya zaɓi himogulobin na jinin doki. Da wuya a samu zaɓi mai nauyin wannan. Himogulobin na da sarƙoƙi huɗu, biyu na alfa masu ƙwaya 141 kowace, biyu na beta masu 146, jimilla 574, atam kusan dubu goma. A wancan lokaci sinadaran da aka iya warware siffarsu ba su wuce masu atam gommai ba. Yaƙi kuma ya shigo tsakani. A 1940 hukumomin Birtaniya suka kama shi a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba, duk da cewa iyalinsa gudun Nazi suka yi, aka tsallaka da shi wani sansani a Kanada. Da ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Matsalarsa ita ce farantin hoto yana nuna ƙarfin kowane ɗigo, amma ba ya riƙe sauran rabin bayanin da lissafi ke buƙata, wato matakin da igiyar hasken take a kai lokacin da ta iso. Shekara goma sha shida wannan giɓi ya tsare shi.

A can Kalifoniya kuwa akwai Linus Pauling, mutumin da ya fi kowa a zamaninsa sanin tsawon ɗaurin da ke tsakanin atam da atam. Shi bai jira hoton furotin sukutum ba. Shi da Robert Corey sun auna ƙananan amino asid ɗaya bayan ɗaya, sun tabbatar cewa mahaɗar ƙwaya da ƙwaya shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta murɗuwa. A 1948, yana baƙunci a Oksifod, mura ta kwantar da shi. Ya zana sarƙar a takarda, ya yi ta ninke ta har ta zama murɗaɗɗen tsani wanda kowace ƙwaya ke riƙe da ta huɗu a gabanta da ɗaurin haidurojin. A 1951 shi da Corey da Herman Branson, masanin fiziya baƙar fata ɗan Amurka wanda ya yi lissafin yawancin siffofin da aka gwada, suka wallafa murɗin alfa, mai ƙwaya 3.6 a kowane zagaye. Mutanen Kembirij sun fitar da nasu hasashen shekara guda kafin haka, sun kuskure, domin sun ɗauka dole adadin ya zama cikakke ba gutsure. Perutz ya karanta takardar Pauling wata safiyar Asabar, ya koma ɗakin bincike da gashin doki guda, ya karkata shi a gaban hasken eksire ta kusurwar da ba a saba ba, ya samu ɗigon da lissafin Pauling ya ce dole a samu. Abokin hamayya ne ya kawo hujjar farko.

Sai dai murɗin alfa labarin gadon baya ne. Rassan, waɗanda su ne ke bambanta furotin da furotin, ba a ce komai a kansu ba tukuna. Cutar sikila ce ta tilasta a dube su.

Mutanen Afirka ta Yamma sun san ciwon tun kafin likitocin Turai su ji labarinsa. Likitan nan ɗan Gana, Felix Konotey-Ahulu, ya bi salsalar ciwon a cikin danginsa na Krobo har zuwa 1670. A littattafan likitanci kuwa ya shiga ne a 1910, lokacin da James Herrick na Shikago ya wallafa bayanin wani ɗalibin likitancin haƙori daga tsibirin Grenada, wanda aka ga jajayen ƙwayoyin jininsa sun miƙe sun lanƙwashe kamar lauje. A 1927 aka gano cewa lanƙwasar tana zuwa ne idan oksijin ya yi ƙasa, kuma tana warwarewa idan ya dawo. A 1945, a cikin jirgin ƙasa daga Denver zuwa Shikago, likitan jini William Castle ya ba Pauling wannan labari. Nan take Pauling ya yi zargin cewa laifin yana cikin himogulobin ɗin kansa, tunda shi ne ke hulɗa da oksijin. Ya ɗora wa wani matashin likita, Harvey Itano, aikin nemo bambancin. An gwada hanyoyi da dama ba a ga komai ba, sai da aka saka furotin ɗin a filin lantarki. Na mai sikila ya yi tafiya dabam da na mai lafiya, na iyayensa kuma ya rabu gida biyu. Takardar ta fito a 1949, kuma ita ce kakar gwajin da ake yi wa masu neman aure a yau.

An san caji ya bambanta, ba a san a ina ba. Abin da ya sa tambayar ta zama mai amsuwa shi ne aikin Frederick Sanger, shi ma a Kembirij, wanda ya gama karanta jerin ƙwayoyi 51 na insulin a 1955, ya nuna cewa jerin tsayayye ne, ya kuma nuna wuraren da ƙwayoyin sistin ke ƙulla gada ta sulfa tsakaninsu.

A ƙungiyar Perutz akwai wani masanin sinadarai, Vernon Ingram, wanda ya shigo Ingila yana yaro daga Jamus. An ɗauke shi ne don ya taya liƙa atam masu nauyi a jikin himogulobin, dabarar da a 1953 ta cike wa Perutz giɓin nan: ya maƙala zaiba a ƙwayoyin sistin guda biyu, ya kwatanta ɗige-ɗigen da aka samu da zaiba da waɗanda aka samu babu ita, bayanin da ya ɓace ya fito. Ana cikin haka Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya kuma ya nuna a 1954 cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ya bar samfurin jinin sikila a ɗakin binciken. Ingram ya yayyanka furotin ɗin da tiripsin zuwa gutsattsari kusan talatin, ya baje su a faffaɗar takarda, ya ja su gefe guda da lantarki, ya ja su ɗaya gefen da ruwan sinadari. Takardar mai lafiya da ta mai sikila suka fito iri ɗaya, ban da tabo guda da ya gusa. Wannan a 1956 ke nan. A 1957 ya karanta gutsuren, ya tarar inda mai lafiya ke da gulutamik asid, mai sikila balin ke gare shi. Daga baya aka tabbatar ita ce ƙwaya ta shida a sarƙar beta. A cikin ƙwayar halitta harafi ɗaya ne ya sauya, GAG ya koma GTG.

Wannan ne karo na farko da ɗan Adam ya ɗora yatsa a kan ƙwaya guda ya ce ga tushen cuta. Gulutamik asid na da cajin negatif, shi ya sa himogulobin A ke gudu zuwa ɓangaren fozitif. Balin ba shi da caji, shi ya sa S ke tsayawa a baya. Amma me ya haɗa rashin caji da ciwon ƙashi, da kumburin hannun jariri, da shanyewar ɓarin jiki? Amsar tana buƙatar a san dokar da ke tafiyar da zaman rassan.

John Kendrew, abokin aikin Perutz, ya zaɓi ƙaramin furotin, mayogulobin na naman kifin whale, mai sarƙa ɗaya da ƙwaya 153. Da taimakon kwamfutar EDSAC ta jami'ar, ya fitar da siffar farko ta furotin a 1958. Masana da yawa sun yi tsammanin tsari mai kyawun gani, sai ga wani abu a murɗe a karkace, ba daidaito ko ta ina. Bayan shekara biyu aka kai hoton ga angistirom 2, ma'aunin da miliyan 10 nasa ne ke cika milimita ɗaya, aka gina siffar da sandunan ƙarfe da waya a cikin ɗaki. A nan tsarin ya bayyana. Rassa masu caji kusan dukkansu suna waje suna fuskantar ruwa. Masu maiƙo, irin su balin da lusin da fenilalanin, sun cunkushe a ciki, sun matsu har ruwa ba ya samun wurin shiga.

Walter Kauzmann na jami'ar Princeton ya riga ya faɗi dalili a 1959. Har zuwa lokacin, saboda girman Pauling, an ɗauka ɗaurin haidurojin ne ke dunƙule furotin. Kauzmann ya nuna cewa sarƙa a warware ma tana iya ƙulla irin wannan ɗauri da ruwa, don haka ribar dunƙulewa ta nan kaɗan ce. Babban ƙarfin daga ruwan yake fitowa. Ƙwayoyin ruwa suna takura idan suka kewaye reshe mai maiƙo, saboda haka suke tura irin waɗannan rassa wuri guda, kamar dai yadda man gyaɗa ke taruwa a saman ruwa, domin dokar ɗaya ce. Ba a ba Kauzmann kyautar Nobel ba, amma da wuya a samu wani tunani a wannan fanni da ya fi nasa amfani.

Christian Anfinsen, a cibiyar binciken lafiya ta Amurka da ke Bethesda, ya kawo gwajin da ya rufe bakin masu shakka. Ya ɗauki ribonukiliyes na saniya, mai ƙwaya 124, takwas daga ciki sistin ne da ke ƙulla gada huɗu. Ya zuba sinadarin da ya tsinke gadojin, ya ƙara yuriya ta warware sarƙar, furotin ya daina aiki. Sistin takwas suna iya haɗuwa biyu-biyu ta hanya 105, ɗaya ce kawai daidai. Da ya bar gadojin suka ƙullu alhali yuriya na nan, sai suka ƙullu barkatai, aikin da ya dawo bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. Da ya janye yuriyar ya bar rassan suka nemi juna, sarƙar ta koma siffarta, kowace sistin ta tarar da abokiyarta ta asali. Jerin ƙwayoyin da kansa yana ɗauke da umarnin dunƙulewa. An wallafa wannan a 1961, Nobel ta biyo baya a 1972.

Perutz ya ga siffar himogulobin a 1959, shekara 22 bayan ya fara, kuma shi da Kendrew suka karɓi Nobel a 1962. Wani zai huta a nan. Shi kuwa ya ga cewa siffa ɗaya ba ta bayyana yadda furotin ke numfashi. Ɗalibarsa Hilary Muirhead ta nuna cewa idan babu oksijin sarƙoƙin beta biyu suna ja da baya daga juna. A 1970 Perutz ya haɗa labarin. A himogulobin da ya sauke kayansa, akwai wasu rassa masu kishiyar caji da ke riƙe da juna, daga ciki har da histidin ta 146, ƙwayar ƙarshe a sarƙar beta, wadda ke kama aspatik asid ta 94, yayin da wutsiyarta ke kama laisin ta 40 a sarƙar alfa. Waɗannan ɗauri suna tsuke furotin ɗin, ya rage kwaɗayin oksijin. Idan oksijin ya sauka a kan atam ɗin ƙarfe, ƙarfen yana gusawa ƙasa da angistirom ɗaya, ya jawo histidin ɗin da ke riƙe da shi, ita ta jawo murɗin da take kai, ɗaurin can nesa su ɓalle, rabin furotin ya juya kimanin digiri 15 a kan ɗaya rabin. Shi ya sa jini ke cika da oksijin a huhu, ya kuma sake shi a tsokar da ke aiki. An yi ta gardama a kan wasu sassan wannan bayani shekaru da yawa, an gyara wasu, amma ginshiƙinsa yana nan.

Da wannan aka dawo kan ƙwaya ta shida. Tana waje ne, a fuskar furotin, inda ya kamata a ce mai son ruwa ce ke zaune. Balin a wurin tabon maiƙo ne a fili, ruwa kuma zai tura shi duk inda ya samu maɓoya. A 1975 ƙungiyar Warner Love a jami'ar Johns Hopkins ta warware siffar himogulobin S marar oksijin, ta ga maɓoyar: wani ɗan rami a sarƙar beta ta furotin ɗin da ke kusa, tsakanin fenilalanin ta 85 da lusin ta 88. Ramin yana jikin kowa, har masu AA, amma gulutamik asid da cajinsa ba ya shiga. Balin yana shiga daidai wa daida, kuma sai a siffar da ba oksijin ne komai ke daidaita. Wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, sai igiya. Kafin ƙarshen shekarun 1970 na'urar hangen ƙananan abubuwa mai amfani da lantarki ta nuna cewa igiya 14 ne ke murɗewa su zama sanda guda. Sandunan ne ke miƙar da ƙwayar jini, su sandarar da ita, ta toshe ƙananan hanyoyi.

Akwai wani binciken da ya kamata duk gidan da ke da mai sikila ya san da shi. A 1974 William Eaton da abokan aikinsa James Hofrichter da Philip Ross suka gano cewa igiyoyin ba sa ƙulluwa nan take. Akwai jinkiri, kuma tsawonsa ya dogara ƙwarai da kaurin himogulobin a cikin ƙwayar jini, ta yadda ɗan ƙarin kauri kaɗan ke gajarta shi ninki-ba-ninki. Ƙwayar jini na ratsa siririyar hanya cikin kimanin daƙiƙa guda. Idan jinkirin ya fi haka, ta tsallake siraɗi, ta koma huhu, oksijin ya narkar da abin da ya fara ƙulluwa. Mafi yawan ƙwayoyin haka suke tsira a kowane zagaye. Wannan yana daga cikin dalilan da likita ke nanata a yawaita shan ruwa, a guji zazzaɓi da sanyi da duk abin da ke rage gudun jini. Shi ne kuma ya sa mai AS, wanda fiye da rabin himogulobin ɗinsa A ne, yake zaune lafiya.

Wurin nan na shida ya koyar da wani abu kuma. A himogulobin C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, laisin ce ke zaune a wurin, kamar yadda Ingram da John Hunt suka nuna a 1958. Tana da cajin fozitif, ba ta shiga ramin, don haka ba ta yin igiya, sai dai tana busar da ƙwayar jini, abin da ya sa mai SC ke ciwo alhali mai AS ba ya yi. A wani nau'in da aka fara gani a Makassar ta Indunusiya, alanin ce a wurin. Ita ma ba ta da caji, amma reshenta ya fi na balin gajarta da atam biyu na kabon, kuma masu ita jininsu ba ya lanƙwasa.

Sana'ar kanta ta bunƙasa fiye da yadda masu kafa ta suka zata. Rumbun ajiyar siffofin furotin da aka buɗe a Brookhaven a 1971 da siffa bakwai ya haura dubu 200 a yau. Daga 1994 aka fara gasar hasashen siffa daga jerin ƙwayoyi kawai, kuma a 2020 manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind ta yi nasarar da ta kai Demis Hassabis da John Jumper ga Nobel a 2024, tare da David Baker. Babban abin da manhajar ke karantawa tsohon tunani ne: idan aka jera furotin iri ɗaya daga dubban halittu, ƙwayoyi biyu da ke sauyawa tare galibi suna taɓa juna a dunƙule. Duk da haka, himogulobin A da S kusan siffa ɗaya ce da su, kuma abin da ke tsakanin furotin da furotin a cikin ƙwayar jini mai cunkoso sai gwaji ne ya nuna shi.

Abin da ke da ciwo a wannan tarihi shi ne nisan da ke tsakanin inda aka san ciwon da inda ake jin sa. A aikin binciken zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi a ƙauyukan Garki, a jihar Jigawa ta yanzu, daga 1969 zuwa 1976, Alan Fleming da abokansa sun tarar kimanin jarirai biyu cikin ɗari SS ne, amma a cikin manya da ƙyar ake samun ko ɗaya. A shekarun da ake zana ramin da ke tsakanin ƙwaya ta 85 da ta 88 a Johns Hopkins, yawancin yaran Garki masu SS ba sa kaiwa shekarun makaranta. Rahoton hukumar na 2006 ya ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar kowace shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa.

Maganin da ya fi isa ga mutane ya samo asali ne daga lurar wata likitar yara a Brooklyn, Janet Watson. A 1948 ta ga cewa jariran da aka haifa da sikila ba sa ciwo a watannin farko, ta danganta hakan da himogulobin na tayi, wanda ke raguwa bayan haihuwa. Daga baya siffa ta ba da dalili. Sarƙar tayi ba ta da balin a wurin nan, kuma a bakin ramin, a ƙwaya ta 87, tana da gulutamin inda ta manya ke da tireyonin, abin da ke hana ta shiga igiyar. Duk furotin na tayi da ke cikin ƙwayar jini yana tsarma na S, ya tsawaita jinkirin da Eaton ya auna. Haidiroksiyuriya, tsohon maganin sankarar jini, yana farfaɗo da himogulobin na tayi. Gwajin da aka wallafa a Amurka a 1995 ya nuna yana rage tashin ciwo da kusan rabi, aka amince da shi a 1998.

A Disamban 2023 Amurka ta amince da magunguna biyu na gyaran ƙwayar halitta. Casgevy yana sake kunna himogulobin na tayi. Lyfgenia kuwa yana shigar da sarƙar beta da aka sauya wa ƙwaya guda, aka sa gulutamin a wuri na 87, kwaikwayon abin da tayi ke yi. A lokacin, farashin da aka sa wa na farko dala miliyan 2.2 ne, na biyu miliyan 3.1, ga mutum ɗaya.

A Kano da Kaduna kuwa likitoci sun ɗauki tambayar da ta dace da aljihun majinyatansu. A ƙasashe masu hali, yaron da hoton jijiyoyin kansa ya nuna yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, ƙarin jini ake yi masa kowane wata, abin da asibitocin Arewa ba za su iya ɗauka ga dubban yara ba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da Asibitin Barau Dikko, tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka ɗauki yara 220 masu shekara 5 zuwa 12 da ke cikin wannan haɗari. Aka ba rabi haidiroksiyuriya miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu a rana, ɗaya rabin miligiram 20. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna yara uku ne a rukunin farko suka samu shanyewar, biyar a na biyu, bambancin da bai kai a dogara da shi ba, kuma duka biyun sun yi ƙasa sosai da abin da aka sani yana samun irin waɗannan yara idan ba a ba su komai ba. Ƙaramin awon, wanda ya fi araha kuma bai buƙatar yawan gwajin jini, ya wadatar wajen kare su.